Yadda Za Ka Auna Ko Ka San Zuciyarka: Jagorar Kwana 14 Ga Mai Neman Kamun Kai

Wata Asabar da safe uwargida tana zuba wa yara koko sai ta jefo mini tambaya: "Malam, wai awa nawa kake yi a kan wayar nan kullum?" Ban ko tsaya tunani ba na ce awa 2, in abin ya yi tsanani 2 da rabi. Ba ta tanka ba. Ƙanenta da ke zaune a wurinmu yana karatu shi ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, kawo mu gani." Ya shiga saitin wayar, ya latsa nan ya latsa can, ya juyo mini da ita. Awa 5 da minti 40 a rana, kuma kusan rabi tsakanin sallar isha'i da ƙarfe 1 na dare.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ƙarya na yi mata ba. Da an ce in rantse a kan awa 2 ɗin nan, da na rantse da zuciya ɗaya. Ashe matsalata biyu ce, ni kuwa ɗaya na sani. Na san ina da rauni wajen ajiye waya. Ban san mudun da nake auna raunin da shi ma a fashe yake ba.

A kan matsala ta biyun wannan jagora take. Kamun kai shi ne ka iya hana zuciya abin da take so saboda wani abin da ya fi shi muhimmanci. Akwai kuma wani abu da ke bayansa, wato sanin yadda kamun kan naka yake: yaushe yake kwancewa, me ke kwance shi, wace dabara ce take yi maka aiki, kuma ko kakan farga a lokacin da zuciya ta fara janka. Masana halayyar ɗan Adam suna da suna ga irin wannan sani, ma'anarsa tunani a kan tunani. John Flavell na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya yaɗa batun, musamman da wata maƙala da ya fitar a 1979. Waɗanda suka biyo bayansa sukan raba shi gida biyu: abin da mutum ya sani game da kansa, da kuma yadda yake amfani da sanin wajen tsara kansa da sa wa kansa ido.

Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A harkar zuciya dai na fi yarda da ɗaya karin maganar, cewa gwano ba ya jin warin jikinsa.

Me ya sa za a damu da aunawa?

Da yawa sun ji labarin gwajin alewa da Walter Mischel ya fara yi wa yara a Stanford daga ƙarshen shekarun 1960: ga alewa ɗaya yanzu, in ka jira a ba ka biyu. An kambama gwajin fiye da ƙima, kuma wani bincike na 2018 da ya bi yara kusan 900 ya nuna cewa in aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, alaƙar jiran da nasarar da zai samu daga baya tana raguwa ƙwarai. Wanda ya fi burge ni wani aiki ne da ba a cika ambato ba, wanda Walter Mischel da Harriet Mischel suka buga a 1983. Tambayar yaran suka yi: in kana so ka iya jira, a bar alewar a buɗe a gabanka ko a rufe ta? 'Yan shekara 4 da yawa suka ce a bar ta a buɗe, wato suka zaɓi abin da ya fi wahalar da su. Sai wajen shekara 5 zuwa 6 yara suke gane cewa rufewa ta fi. Kwaɗayin bai ragu ba, sanin kai ne ya ƙaru.

Manya ma sukan bar tasu alewar a buɗe. A 2009 Loran Nordgren da abokan aikinsa a Holan suka gwada masu shan taba. Aka sa su kallon fim ɗin da ake ta busa sigari a ciki, aka ce kowa ya zaɓi inda zai ajiye karansa: a wani ɗaki, ko a kan tebur, ko a hannu, ko a baki ba tare da kunnawa ba. Gwargwadon kusancin karan, gwargwadon kuɗin da za a ba ka in ka jure. Waɗanda aka sa suka yarda cewa suna da ƙarfin kamun kai su suka fi matso da karan kusa, su kuma suka fi kunnawa. A wani ɓangaren binciken, cikin masu ƙoƙarin daina shan taba, waɗanda suka fi cika baki sun fi sakaci da guje wa wuraren jaraba, kuma bayan wata 4 su suka fi komawa ruwa.

Saboda haka abin da za mu auna a kwana 14 ɗin nan shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ka ce za ka yi da abin da ka yi. Kayan aiki: ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, biro, da agogo mai ƙararrawa.

Mataki na 1: Zaɓi fage ɗaya, ka yanka masa iyaka

Ɗaya tak. Waya da dare, ko lemon kwalba, ko barci bayan asuba, ko kashe kuɗin jari a kan ƙananan abubuwa, ko ɗaga wa yara murya. Ka zaɓi wanda kake haɗuwa da shi kusan kullum, domin abin da ke zuwa sau ɗaya a wata ba zai ba ka lissafi a mako biyu ba.

Sannan ka rubuta shi yadda amsarsa za ta zama i ko a'a. "Zan rage taɓa waya" ba ta aunuwa, kullum za ka iya cewa ai na rage. Tawa haka na rubuta ta: "Ƙarfe 10:30 na dare waya tana kan caji, ban sake ɗaukar ta ba sai bayan sallar asuba, sai dai in an kira." Ka lura da togaciyar ƙarshe. Duk togaciyar da kake so ka sa ta yau, tun kanka yana sanyi. Wadda aka ƙirƙiro ƙarfe 11 na dare sunanta faɗuwa.

Mataki na 2: Nemo shaidan da ba kai ba

In kai ne mai ƙara, kai ne wanda ake ƙara, kai ne kuma alƙali, an san yadda shari'ar za ta ƙare. Ga mai fama da waya abin da sauƙi: wayoyin Android da yawa suna da Digital Wellbeing a cikin saiti, iPhone kuma tana da Screen Time tun 2018, suna nuna awannin da aka yi da kuma manhajar da ta ci su. Wani nazari na 2021 da ya tattara bincike masu yawa ya gano cewa abin da mutane ke faɗa game da amfani da wayarsu da abin da wayar ta rubuta ba su cika dacewa ba sai sama-sama. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Ga kuɗi, saƙonnin banki da rasit ɗin mai POS sun isa shaida. Ga lemo, ka riƙa jefa murafen kwalba a gwangwani. Ga fushi da ɗaga murya kuwa sai mutum: matarka, ko mijinki, ko abokin zaman shago. Ka roƙe shi abu ɗaya, ya faɗi i ko a'a da dare, ban da wa'azi. Idan shaida ya fara nasiha, kwana 3 za ka daina tambayarsa.

Mataki na 3: Hasashen safe

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi mutane suka fi son tsallakewa.

Kowace safiya, kafin rana ta ɗauki zafi, ka buɗe littafin ka rubuta lamba daga 0 zuwa 10. Tambayar ita ce: yau, yaya yiwuwar zan cika sharaɗin nan? 10 na nufin ko shakka babu, 0 na nufin na san ba zan iya ba, 5 na nufin ko ɗaya yana iya faruwa. A ƙasan lambar ka ƙara layi biyu: in zan faɗi, da misalin ƙarfe nawa, kuma me zai jawo.

Hattara da abu guda. Lambar hasashe ce, ba niyya ba ce, ba kuma addu'a ba ce. Mu da muka taso da kyautata zato da faɗin in sha Allahu, hannu yakan yi nauyi wajen rubuta 3, kamar mutum yana yi wa kansa mugun baki. Ka yi niyyarka cikakkiya, ka roƙi Allah ya dafa maka, sannan ka rubuta lambar kamar a kan maƙwabcinka ake tambayarka. Hasali ma dabarar ke nan: ka ce da wani ne mai irin halina, da irin ranar da ke gabana, nawa zan ba shi?

Kusan kowa yana farawa da zuzuta kansa. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa za su ɗauka su gama kundin bincikensu. Matsakaicin amsarsu kwana 33.9. Aka ce to in komai ya dagule fa? Suka ce 48.6. Abin da suka ɗauka a zahiri kwana 55.5 ne, wato ko mummunan zaton da suka yi wa kansu bai kai gaskiyar ba. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela ana saura mako biyu salla ya san wannan ba sai an kawo masa Kanada ba, kuma sau da yawa telan da gaskiyarsa yake cewa jibi.

Tsarin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta hankali da ɗan kasuwa, rai kuma abokin cinikinsa: da safe a gindaya masa sharaɗi, da rana a sa masa ido, da dare a yi masa hisabi. Su ne musharaɗa da muraƙaba da muhasaba da malamai ke karantarwa a zaure. Abin da wannan jagora ta ƙara lamba ce kawai, don kada hisabin dare ya zama abin da zuciya ta ga dama ta tuna.

Mataki na 4: Ƙararrawar ba-zata

Hasashe yana auna abin da ka sani game da kanka tun daga nesa. Saura mu auna ko kakan farga a lokacin da abin ke faruwa.

Hanyar da masu bincike ke bi ita ce su kutsa wa mutum a lokacin da bai zata ba. Wilhelm Hofmann da abokan aikinsa sun ba mutum 205 a garin Wurzburg na Jamus na'urar da ke ƙara sau 7 a rana har tsawon mako guda, duk ta yi ƙara sai mutum ya faɗi ko akwai abin da ransa ke so a lokacin. Sun tara rahoton sha'awa 7,827, suka buga sakamakon a 2012. Abu biyu a ciki sun shafe mu. Sha'awar duba kafofin sadarwa da kallo tana cikin waɗanda mutane suka fi kasa jurewa ko da sun yi niyyar jurewa. Sannan waɗanda aka auna suna da kamun kai sosai ba su fi kowa yawan kokawa da zuciya ba, ƙarancin haɗuwa da jarabar suka fi kowa. Sun san inda ramin yake, suna zagaye shi.

Kai ma haka za ka yi, sau 5 a rana ya isa. Kada ka zaɓi lokutan da kanka. Ka ba wani ya saita maka, ko ka rubuta lokuta a guntayen takardu ka zuba a hula ka ɗebo 5 kowace safiya. Ka tabbata 2 aƙalla sun faɗo cikin lokacin da fagenka ya fi zafi. In waya ce abokiyar faɗan, kada ka sa ƙararrawar a cikinta, ka nemi agogon hannu ko ƙaramar waya mai tocila. Wani abokina ya ce zai yi amfani da kiran salla, na ce masa zai yi amma da rauni, domin zuciya ta san lokacin salla, takan gyara zama kafin ladan ya ɗaga murya. Da zai yi amfani da ɗauke wuta da kawo ta ma ya fi, tunda wannan babu mai iya hasashensa.

Duk ƙararrawa ta kaɗa ka amsa tambaya biyu, cikin abin da bai fi minti 1 ba. Ta farko: yanzu zuciyata tana kan abin nan, ko ina cikin yinsa? Ta biyu, wadda ita ce awon: kafin ƙarar nan, na san ina ciki, ko sai da ta kaɗa na farga? Ka sa S in ka sani, F in farga ka yi.

Bambancin S da F ba ƙarami ba ne. Jonathan Schooler da abokan aikinsa sun yi ta gwada masu karatu ta wannan hanya, suka ga mutum yakan yi nisa da tunani idonsa na kan shafi bai sani ba sai an taɓa shi. A wani gwajin na 2010 sun ga mashaya taba da aka hana su sha, kwaɗayi yana cinsu, hankalinsu ya fi yawan tafiya, amma yawan kama kansu da suke yi bai ƙaru daidai da haka ba. Kwaɗayi yana jan mutum, yana kuma rufe idon mai gadin.

Ni a kwana 14 ƙararrawa ta same ni riƙe da waya ba don wani aiki ba sau 19. A 13 daga ciki F na rubuta. Wata rana na ɗauko ta don in duba lambar mai gyaran famfo, ƙararrawa ta kaɗa bayan kusan rabin awa ina kallon bidiyon wani yana gasa kifi a ƙasar da ban san sunanta ba. Ban kira mai famfon ba.

Mataki na 5: Hisabin dare

Gajere ne. Ka rubuta i ko a'a daga bakin shaidanka. In a'a ne, ƙarfe nawa, a ina, kana tare da wa, da yunwa ko gajiya ko ɓacin rai. Sai ka ƙara yaushe ka farga: kafin ka fara, kana tsaka, ko bayan ka gama.

Abin da ido ya gani kawai za ka rubuta, ka bar dogon bayanin dalili. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun ba da labarin gwajin da aka jera safa 4 iri ɗaya sak a kan tebur, aka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Ta ƙarshen dama ce aka fi ɗauka, kusan ninki 4 a kan ta ƙarshen hagu. Da aka tambaye su dalili sai suka yi ta yabon laushi da saƙa, da aka ce ko wurin da take ne ya ja su, suka musa. Baki ba ya rasa dalili. Idan ka rubuta "na gaji ne" kullum, ka duba ko ranakun da ka ci nasara ma a gajiye kake.

Mataki na 6: Lissafi

Ranar 15 ka zauna da littafin. Lissafi uku ne, biyun farko ko ɗan aji 6 zai yi su.

Na farko, cika baki. Ka haɗa lambobin safiya 14 ka raba da 14. Nawa sun haɗu 112, matsakaici 8. Sai ka ƙirga ranakun i, ka raba da 14, ka ninka da 10. Nawa 6 ne, wato 4.3. Tazara 3.7. Ina ba kaina 8, alhali ɗan 4 ne ni. A ganina tazarar da ba ta wuce 1 ba abin yabo ce, 2 zuwa 3 ruwan dare ne, abin da ya haura haka kuma yana nufin duk tsarin da kake yi wa rayuwarka a wannan fage kana yin sa ne don wani mutum da ba kai ba. Akwai masu samun akasin haka, su rubuta 4 su ci 7. Su ma mudunsu a fashe yake, kuma irinsu ne ke ƙin karɓar amana ko fara sana'a saboda tsoron raunin da ba su da shi.

Na biyu ya fi na farko daraja, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Ka ware ranakun i gefe, ranakun a'a gefe, ka fitar da matsakaicin hasashen kowane rukuni. Nawa: 8.2 a ranakun nasara, 7.9 a ranakun faɗuwa. Kusan babu bambanci. Ma'ana da safe ba na iya rarrabe ranar haɗari da ranar lafiya, duk ɗaya suke a idona. Wanda yake rubuta 7 a ranakun nasara da 3 a ranakun faɗuwa, ko da faɗuwarsa ta fi tawa yawa, ya fi ni abin yi, domin ranar da ya rubuta 3 yana iya miƙa wa matarsa wayar tun magariba.

Na uku na masu son lissafi ne. Wani masanin yanayi ɗan Amurka, Glenn Brier, ya fito da shi a 1950 don auna masu hasashen ruwan sama. Ka raba lambarka ta safe da 10, wato 9 ta zama 0.9. Nasara 1 ce, faɗuwa 0. Ka fitar da bambancin da ke tsakanin lambarka da sakamakon ranar, ka ninka shi da kansa, wannan shi ne kuskurenka na ranar, a ƙarshe ka fitar da matsakaicin kwana 14. In ka ce 9 ka ci nasara, kuskurenka 0.01. In ka ce 9 ka faɗi, 0.81. In ka ce 3 ka faɗi, 0.09 kacal. Wanda kullum yake cewa 5 zai tashi da 0.25. Nawa matsakaicin ya kama kusan 0.38, wato mutumin da bai taɓa ganina ba, yana cewa "ko ya yi ko bai yi ba" kowace safiya, ya fi ni iya hasashen kaina. Na daɗe ina kallon lambar nan.

Kada ka manta da S da F. Ka ƙirga su, ka kuma duba layukan "ƙarfe nawa" da "me zai jawo" da ka rubuta da safe, sau nawa suka dace da abin da ya faru. Ni na yi ta rubuta cewa kallon ƙwallo ne zai kayar da ni. A faɗuwa 8, ƙwallo 1 ce. Biyar daga ciki sun faro ne daga "bari in amsa saƙo ɗaya" a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu.

Mataki na 7: Gwada hasashen sanyi da na zafi

George Loewenstein na Jami'ar Carnegie Mellon ya daɗe yana rubutu a kan yadda mutum a cikin natsuwa ba ya iya ƙiyasta ƙarfin yunwa ko fushi ko sha'awa, haka kuma a cikin zafinsu ba ya iya tuna yadda natsuwa take. Mai azumi ya fi kowa sanin wannan. Bayan la'asar a kasuwa sai ka ga ƙosai da kankana da zoɓo da tsire duk za su shige, a sha ruwa ka ci dabino 3 da kofin kunu ka jingina da bango. Bayan ka ƙoshi kuma sai ka yi alkawarin gobe ba za ka sayi ko rabin haka ba, ka kuma yi shi da gaske.

Don ka ga girman wannan a jikinka, a mako na biyu ka ƙara hasashe na biyu, minti 30 kafin lokacin haɗarin. Nawa ƙarfe 10 na dare. Na safe ya ci gaba da zama 8, na dare yana yawo tsakanin 4 da 6, kuma shi ya fi kusa da gaskiya. Tun daga nan na daina barin mutumin safe yana yanke wa mutumin dare hukunci shi kaɗai.

Batun takardun tambayoyi

Akwai ma'aunai da masana suka tsara. Gregory Schraw da Rayne Dennison sun fitar da mai tambaya 52 a 1994 don ɗalibai, a 2022 kuma Sebastian Bürgler da Marie Hennecke da wani abokin aikinsu a Jamus suka gina wani gajere a kansa, na musamman don kamun kai. Irin abin da ake tambaya bai wuce ko ka san yanayin da yake fi maka wuya, ko kakan tsara dabara tun kafin jaraba ta zo, ko kakan waiwaya ka duba in dabarar ta yi aiki. Suna da amfani wajen kwatanta mutane masu yawa. Ga mutum ɗaya mai neman gyara kansa kuwa akwai matsala a fili: ana tambayar wanda bai san kansa ba ko ya san kansa. Da an ba ni irin takardar nan waccan Asabar, da maki mai kyau zan ci. In za ka cika, ka cika kafin kwana 14 ɗin, ka rufe a ambulan, ka buɗe bayan lissafi.

Mataki na 8: Zagaye na biyu, da dabara ɗaya

Yanzu kana da abin kwatance. Ka ɗauki dabara ɗaya daga abin da littafin ya nuna, ka rubuta tun farko nawa kake zaton za ta ɗaga ka, sannan ka sake kwana 14. Ɗaya dai, domin in ka canza abu uku a tare ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna amfanin ƙulla niyya da sigar "in kaza ya faru, zan yi kaza", ita ma tana cikin waɗanda za a gwada. Ni na fara da wadda na fi yarda da ita, wato sa wa manhajoji iyakar lokaci. Na yi hasashen za ta kai ni kwana 11. Ta kai ni 7, saboda maɓallin ƙarin lokaci yana nan kusa da babban yatsa. Wadda na raina, mayar da caja falo da sayen agogon tebur don tashin asuba, ita ta kai ni 12.

Tarko biyu suna nan a hanya. Na farko, rubuta ƙaramar lamba don a samu lasisi: na ce 2, to bari in tabbatar da hasashena. In ka ga haka na faruwa, ka kafa doka cewa duk ranar da ka rubuta ƙasa da 5 dole ka ɗauki wani mataki a take, kamar miƙa wayar ko barin katin banki a gida. Na biyu, aunawar kanta takan gyara hali na ɗan lokaci, don haka kwana 3 ko 4 na farko sukan fi kyau fiye da gaskiya. Ka duba mako na biyu shi kaɗai ka ga ko labarin ya canza.

Idan kuma ka ga littafin ya zame maka waswasi, kana tuhumar kanka dare da rana har barci na gagara, ka ajiye shi. Wanda yake fama da ƙwaya ko maganin tari ko caca har ta ci masa dukiya, littafin nan zai iya nuna masa girman abin, amma magani yana wurin likita, can ya kamata ya dosa da littafin a hannu.

A zagaye na uku tazarata ta sauko daga 3.7 zuwa ƙasa da 1, rabi don na gyaru, rabi don na daina ba kaina 9. Yanzu na buɗe sabon shafi a kan wani fagen da babu manhajar da ke ƙirga shi: tsoma baki a zancen wanda ba ya nan, a majalisarmu ta bayan magariba. Shaidana mai shayin da muke zama a gefensa, mun yi da shi in zan tafi ya ɗaga mini yatsa ɗaya in na kame bakina, biyu in na faɗi. Jiya da safe na rubuta 6. Biyu ya ɗaga.